Dutsen da Ke Juyawa Hagu

"Na ce ki tsayar da shi, Dympna!"

"Haba Mama Gobnait, inji ne fa yake juya shi, don baƙi su ga zanen kowane gefe."

Ni dai ina tsaye bayan kakata, ruwa na ɗiga daga rigata. Ruwan saman ne ma ya koro mu cikin gidan tarihin garinmu, mai ɗaki biyu da warin danshi. Dympna ce mai tsaronsa, tsohuwar maƙwabciyarmu.

Dutsen na cikin akwatin gilashi, girmansa kamar dunƙulen burodi. Daga kangon cocin wani tsibiri da ke kusa da mu aka ɗauko shi. Kowa a nan ya san aikinsa: ka juya shi hagu kana kiran sunan mutum, ka tsine masa ke nan. Sai an juya shi dama tsinuwar ke warwarewa. Masu gidan tarihin kuwa sun ɗora shi kan faifai, yana ta juyawa hagu a hankali.

"Wane mara uwa ne ya haɗa wannan?" in ji Kaka.

"Wani yaro daga Dublin." Dympna ta yi dariya, ta leƙo ni. "Kai, Ultan Devaney! Ba gaisuwa? An ce ran Litinin za ka fara fita teku kamun kifi."

Kaka ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

"Kin kira sunansa. A gaban dutsen."

"To da sunan wa zan kira shi?"

"Buɗe akwatin in juya shi dama."

"Makullin na hannun shugaba, kuma ya tafi hutu. Sai wata mai zuwa."

Ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba. Amma teku ce ta ci mahaifina.

Kaka ta durƙusa da ƙyar, ta fizge wayar wutar daga bango. Faifan ya tsaya. Sai ƙarar ruwa a kan rufi.

Ta miƙe, ta daɗe tana kallon teburin Dympna, wanda ke dab da akwatin. Akwai tarho a kai, da hoton mijinta, Malachy, tun yana da ƙiba, kafin ciwo ya kama shi.

"A nan kike zama kina waya da Malachy kullum?"

"E mana. Ina kuma zan zauna?"

"Kina kiran sunansa."

Dariyar ta bar fuskar Dympna.

Kaka ta sassauta murya. "'Yar nan, da kawo dutsen da fara ciwonsa, wanne ya riga?"