Ɗakin Kawu Liao

A unguwar tsohuwar kasuwa da ke Sanchong, duk wanda ka tambaya game da Madam Tseng alheri zai faɗa maka. Mai sayar da madarar waken soya takan ce shekara goma sha tara Kawu Liao yana haya a benenta, ba ta taɓa ƙara masa ko sisi ba. Mai gyaran babur yakan ce ranar da aka yi wa tsohon aikin ido, ita ta wuni a bakin ɗakin tiyata kamar 'yar cikinsa. Da safiyar nan ma, da suka ga tana ɗaura masa hular kwano tana cewa ya riƙe ta da kyau, sai suka ce babu irinta: ɗanta zai yi aure yana bukatar wurin, amma dubi yadda ta ajiye harkokinta ta ɗauko tsohon a babur tana nema masa wani ɗakin.

Babu wani aure. Ita kaɗai ta sani, sai ɗan nata Wei-han, wanda ya ƙirƙiro maganar ta waya daga Hsinchu. A zafin bara wani tsoho ya mutu shi kaɗai a bayan layinsu, sai da aka kwana tara kafin wari ya kai ga maƙwabta. Har yau gidan a rufe yake. An kira masu addu'a daga haikali, an ƙona turare, an sake fenti, an karya kuɗin haya, ba wanda ya yarda ya shiga. Wei-han ya ce wannan benen shi kaɗai gare su a duniya, Kawu Liao kuwa shekararsa saba'in da tara, ba mata, ba ɗa. Ta yi ta jan ƙafa har wata huɗu, sannan ta sa hannu a takardar haya da wasu matasa biyu masu aiki a kamfanin kwamfuta. Saura kwana goma sha ɗaya su tare.

Gidan farko dillali ne ya tarbe su, saurayi mai farar riga, wanda jiya a waya ya rantse ɗakin yana nan. Ya dubi Madam Tseng da fara'a, ya tambayi wa za a kama wa. Da ta nuna Kawu Liao, sai ya duba wayarsa, ya ce kash, yanzun nan aka sanar da shi an riga su. Allon neman ɗan haya yana nan rataye a saman kansa.

Na biyu a hawa na biyar yake, ba na'urar hawa. Kawu Liao ya ƙi tsayawa ya huta ko sau ɗaya. Tana bayansa tana jin yadda yake danne numfashi don kada maigidan ya ji shi yana haki. Da suka isa, ya ciro takardar asibiti daga aljihun gaba, a ninke cikin leda, ya miƙa da hannu biyu: jini lafiya, zuciya lafiya. Maigidan bai buɗe ba. Ya tambayi ina 'ya'yansa, wa zai tsaya masa, wa za a kira idan wani abu ya faru. Tsohon ya ce ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa tasi a garin nan, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Mutumin ya yi dariya, ya ce zai yi shawara da matarsa.

"Matar tasa ta rasu tun shekaru biyu," in ji Kawu Liao suna saukowa. "Ga hotonta nan da baƙin ƙyalle a bango. Shawarar za ta daɗe."

Madam Tseng ta yi ƙoƙarin yin dariya.

A ofishin kula da tsofaffi, wata budurwa mai ladabi ta cike masa takardar neman gidan gwamnati, ta ce layin yana da tsawo, kada ya sa rai a bana. Ta ambaci wani gidan tsofaffi can bayan gari, mutum shida a ɗaki. Ya yi mata godiya har da sunkuyawa.

Gida na uku na wata mata ne sa'ar Madam Tseng, mai gashi rinanne, tana shara a bakin ƙofa. Ɗakin a ƙasa yake, da taga mai kallon titi, kuma Kawu Liao ya so shi. Ya shafa bango, ya gwada famfo. Sannan ya ce wa matar ya san abin da masu gida ke tsoro, kuma ya yi tunani a kai. Kullum da ƙarfe bakwai na safe zai rataya farin tawul a taga. Ranar da ba ta ga tawul ba, ta shigo da mabuɗinta. Ba zai wuce rabin wuni ba, ba zai ɓata mata gida ba.

Ya faɗe shi ne kamar mai cinikin kifi. Matar ta jingine tsintsiya, ta ce masa ya je ya duba banɗaki, ta ja Madam Tseng gefe.

"Yaya, kada mu wahalar da juna. Ba zan ba shi ba."

"Mutumin kirki ne. Ko rana ɗaya bai taɓa..."

"Na ga alama. To me ya sa kike fitar da shi?" Ta dube ta sama da ƙasa. "Tsaya in canka. Ɗanki zai yi aure."



"Ni ma 'yata na aurar bara, da baki kawai," matar ta ce tana ɗaukar tsintsiyarta. "Har yanzu tana nan ɗakinta da kyanwarta, ko saurayi ba ta da shi. Tsohuwar da na fitar ban san inda take ba, kuma ba na tambaya. Ke dai kin fi ni ƙarfin hali, da kike yawo da naki a babur."

Rana ta take sa'ad da suka tsaya a rumfar mai taliya kusa da gada. Kawu Liao ya dage shi zai saya, ya ce a ƙara mata ƙwai. Ya ci nasa a hankali, ya shanye romon, ya goge baki. Bai yi zancen gidajen ba. Ya ce kada ta damu, gari da faɗi, gobe ma rana ce. Sannan ya sa hannu a cikin rigarsa ya ciro jan ambulan irin na biki, sabo fil, ya ajiye a gabanta, ya danne gefensa da yatsu biyu don kada iskar fanka ta ɗauke shi.

Ya ce ba yawa, ta yi haƙuri, amma sababbin takardun kuɗi ne, sai da ya je banki aka canja masa. Ya ce tun da ta gaya masa yake jin daɗi a ransa. Yaran yanzu ba sa aure, makarantar layinsu ma ajujuwa biyu suka rage, sai ga Wei-han, yaron da ya kai ɗakin jarrabawa a tasinsa yana amai don tsoro, zai ajiye iyali. Idan don wannan ne mutum zai tashi daga ɗakinsa, ai ba tashi ba ne.

Ya riga ya rubuta sunan ango da addu'ar zaman lafiya da hannunsa. Gefe ɗaya ya bar fili. Ya zaro alƙalami, ya cire murfin, ya gyara tabarau.

"Ƙanwata, ban so in rubuta ba daidai ba. Yaya sunan amaryar?"

Sunaye suna da yawa. Akwai na 'yar mai sayar da madara, akwai na budurwar ofishin nan da ta gani a maƙale a ƙirjinta. Ko wanne ta faɗa zai rubuta, ya hura tawadar ta bushe, su hau babur su koma, unguwa ta ci gaba da yabonta. Takardar da ta sa wa hannu kuma ba abin da zai goge ta, ko ta yi magana ko ta yi shiru.

Bakin alƙalamin yana kan jan ambulan, yana jira.

"Kawu, rufe alƙalamin," ta ce. "Babu amarya. Tsoro na ji kada ka mutu mini a gida, na yi maka ƙarya, kuma na riga na ba wasu ɗakin. Na cuce ka. Ka yafe mini."