Ranar da Delu ta Ajiye Taɓarya

Tun da aka rufe lakwal don hutun Nowel, wato Kirsimeti, Delu ba ta ƙara cin abinci da zafinsa ba. Gidan da suke zaune su biyu, ita da mijinta Mato, a wani ƙauye kusa da Azarori, ya koma na mutum goma sha huɗu. Mahfuzu, ɗanta na fari, mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Tawa, ya zo da matarsa Salima da 'ya'ya biyar. Ƙaninsa Ayuba, mai aikin jinya a wani asibitin mishan, ya zo da Rahila da 'ya'ya uku.

Shekara goma sha biyu ke nan da Ayuba ya zama Kirista. Ranar da ya faɗa, Mato ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce shi ma ubansa azne ne har ya mutu, kuma bai kore shi ba da ya fara salla. Daga nan bai ƙara tada maganar ba. Mahfuzu ne abin ya tsaya wa a wuya. Yana gaisawa da ƙaninsa, yana ɗaukar 'ya'yansa, amma shekara uku da suka wuce ya ce iyalinsa ba za su ci abin da aka dafa da sunan Nowel ba.

Tun daga lokacin Delu take ɗora tukunya biyu. Surukanta ba malalata ba ne, sai dai kowace tana tsoron taɓa murhun ɗayar, kada mijinta ya yi magana. Don haka komai sai ya bi ta hannun tsohuwa: ita ce mai raba itace, ita ce mai raba albasa da gishiri, ita ce mai tsare ludayi kada na nan ya faɗa can. Gwiwarta ta hagu ta kumbura tun kwana na uku. Duk shekara tana ƙirga watanni kafin su zo, in sun zo kuma sai ta kama ƙirga kwanaki, abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ranar Nowel da safe, Ayuba da iyalinsa suna shirin hawa babura zuwa majami'a a Madawa. Delu tana dakan gero. Sai Fiddausiya, autar Mahfuzu mai shekara biyar, ta fito tana tafa hannu tana rera waƙar da 'ya'yan Ayuba suka koya mata. Mahfuzu ya daka mata tsawa har ta saki fitsari a tsaye.

"Yaya, yarinya ce hwa," in ji Ayuba. "Mi ta sani?"

"Kai ka sani ai. Ka ja wa ɗiyanka kunne."

"Su daina waƙa cikin gidan ubansu?"

Magana ta yi tsawo. Rahila ta shige ɗaki, Salima ta ɗauke 'yarta. Mahfuzu da Ayuba suka nufo turmi, kowa yana cewa, "Inna, ki ji," kamar lokacin da suke rigima a kan ƙanzo.

Delu ta dube su, ga furfura ta fara fito wa babban a gemu. Duk abin da za ta ce ta riga ta faɗe shi bara da bara waccan. Ta jingine taɓarya a bango, ta kakkaɓe hannunta, ta ɗauki mayafi.

"Inna, ina za ki?"

"Gidan Sa'ida."

Sa'ida ƙanwarta ce, a can ƙarshen gari. Da ta ga fuskar yayarta ba ta tambaye ta komai ba, ta shimfiɗa mata tabarma inda rana take bugawa, ta rufa mata zane. Delu ta yi niyyar miƙe ƙafa kaɗan. Ba ta farka ba sai da aka kira la'asar.

Ta tarar Mato ya biyo ta, yana zaune a kan wani turmi da aka kifa, sandarsa tsakanin gwiwoyi.

"Kin tahi kin bar ni da su," ya ce.

"Shekara uku kana barina da su, Malam. Kai kana gindin iccen bedi."

Bai musa ba. Ya ce da yunwa ta fara sa yara kuka, shi ya kama zabin nan huɗu da Ayuba ya kawo, ya yanka da bisimilla a gaban kowa. Ya ce wa matan tukunya ɗaya za a ɗora, mai ci ya ci.

"Wancan ya ci?" Ba ta kiran sunan ɗan fari.

"Bai ci ba. Hura ya sha. Amma bai hana ɗiyan ba."

Ta yi salla, suka kamo hanya a hankali, shi yana jiran gwiwarta, ita tana jiran sandarsa. A gida ta sami shinkafa ta kama a gindin tukunya, Salima tana kankarewa, Rahila tana zuba mata ruwa. An ajiye mata cinya a kwano. Ta ci da sanyinta.

Mahfuzu ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, ya ce gobe za su koma, akwai takardun 'yan lakwal da bai gyara ba. Ta san saura mako guda a koma aji. Da can da ta roƙe shi ya ƙara kwana biyu. Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya."

Bayan ya tashi ta ce wa Mato, baɗi gara a raba: wancan ya zo da Sallah, Ayuba ya zo da Nowel.

"Sai jikoki su tashi ba su san juna ba?"

"To kai za ka riƙa tsare murhu?"

Ya murza kan sandarsa. Can ya ce kafin baɗi akwai rai, a bari tukuna.

Washegari motar Tawa ta ɗauki mutum bakwai. Ayuba ya kai wa yayansa jaka har bakin hanya, suka yi musafaha ba su haɗa ido ba. Fiddausiya ta yi ta kuka tana miƙa hannu wajen 'yar Rahila. Ayuba ya ƙara kwana uku, ya duba gwiwar uwarsa, ya bar mata magani, shi ma ya tafi.

Delu ba ta yi shara ba a ranar. Ta bar ɓawon gyaɗa da tsumman yara inda suke, ta dama musu fura ita da tsoho, suka sha a ƙwarya ɗaya. Mato ya ce gidan ya yi shiru da yawa. Ta ce haka ne, ta jawo tabarma zuwa rana.