Aljihun da Malam Idrisa Bai Ɗinka Ba

Murja na bakin ƙofar ɗakin baƙi riƙe da tiren shayi lokacin da ƙarar ta tashi. Ba wata babbar ƙara ba ce, kamar dai murfin tukunya ya faɗi a kan tayil. Ta ga Malam Idrisa, maƙwabcinsu tela, ya kalli cikinsa, ya kalli mijinta, sannan ya sulale daga kan kujera, tef ɗin awo na rataye a wuyansa.

"Babu komai a cikinta!" in ji mijinta Abdulmajid, bindigar na hannunsa, 'yar ƙarama da ba ta cika tafin hannu ba. "Wallahi na zare gidan harsashin. Ga shi can kan tebur. Murja, duba ki gani!"

Ba ta duba ba. Ta saki tiren, ta yaye mayafinta, ta dunƙule shi ta danna a inda jini ke fitowa ta farar rigar Malam Idrisa.

"Kira motar asibiti, Abu Walid!"

"Na rantse miki na zare..."

"Na ce ka kira is'af! Ajiye wannan tsinanniyar abar!"

Ihunta ne ya fito da Suhaila, matar Malam Idrisa, daga ɗaya gidan. Ta shigo ba takalmi, hannuwanta duk ƙullin kisra, gurasar ƙasarsu. Ta durƙusa ta ɗora kan mijinta a cinyarta, tana kiran sunan Allah, ƙullin na shafuwa a gemunsa.

Gidajen biyu ƙofa da ƙofa suke, a hawa na biyu na wani tsohon bene a unguwar Al-Sih, cikin Madina. Abdulmajid ɗan ƙasa ne, kakansa ya taka daga Kano ya zo aikin hajji bai koma ba. Malam Idrisa kuwa daga Chadi ya zo tun yana saurayi, yana ɗinkin riguna a wani ɗan shago a titin Sultana, shi da matarsa suna zaune da iƙama, takardar izinin zaman baƙi. Allah bai ba su haihuwa ba. 'Ya'yan Murja, tun daga babbansu Walid, a bayan Suhaila suka girma, kuma babu ranar da kwanon abinci bai tsallaka tsakanin ƙofofin nan ba.

Tun da Abdulmajid ya yi ritaya ya ɗauki tara bindigogin aljihu ya ɗora wa kansa. Ya sa aka yi masa kabad na gilashi, aka shimfiɗa koren yadi a ciki, ya jera su kamar kayan ɗakin amarya. Wannan daga Italiya, waccan daga Beljiyam, wata mai mariƙi kamar hauren giwa. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha bayani kafin ya sha shayi. Bai tsaya nan ba, sai ya riƙa fita da ɗaya a aljihun gefe, zuwa kasuwar dabino, zuwa wurin aski, zuwa ɗaurin aure.

"Wa kake tsoro a Madina?" Murja ta sha tambayarsa. "Wa ya taɓa ɗaga maka yatsa a garin Manzon Allah?"

"Ina da rukhsa, hukuma ta ba ni izini. Sha'awa ce kawai, ke ba za ki gane ba."

Nauyin ƙarfen yana karkatar masa da riga, don haka duk sabuwar bindigar da ya saya sai ya kira Malam Idrisa ya auna ta, ya yi mata aljihu mai ruɓi biyu. Abin da ya kawo telan ke nan ran nan bayan La'asar.

'Yan sanda suka tafi da Abdulmajid, suka kwashe duk abin da ke cikin kabad. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya yana yi wa Murja bayani a hankali, wai irin wannan bindiga ita ke ɗora wa kanta harsashi, ko an zare gidan, ɗaya kan rage a ciki.

"Na sani," ta ce masa. "Shi yake koya wa mutane haka. A wannan kujerar yake zama yana koya musu."

An yi wa Malam Idrisa aiki, aka kwantar da shi a ɗakin masu jin jiki. Likita ya ce harsashin ƙarami ne, amma ya yi yawo a ciki. Kullum Murja da Suhaila tare suke hawa tasi zuwa asibiti, kowacce na kallon tagarta. Suhaila ba ta faɗa mata baƙar magana ba ko sau ɗaya. Da ma ta zage ta, da Murja ta fi samun sauƙi.

Wata rana da hantsi wayarta ta yi ƙara. Abdulmajid ne daga inda ake tsare da shi, muryarsa ta dushe.

"Ummu Walid, yaya jikinsa?"

"Ni kake tambaya? Kai da ka san nauyin kowane harsashi, ka san nisan da yake ci, ba ka san yadda jikin mutum yake zama ba?"

"Don Allah, Murja. Ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce ta je shago ta saye ta? Ƙaddara ce ta saita bakinta a cikin mutumin da ya yi wa 'ya'yanka rigunan suna?"

Ta ji yana kuka. Shekara da shekaru suna tare ba ta taɓa jin kukansa ba, ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu. Ta jira ta ji ko zuciyarta za ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Ta kashe wayar.

Ran nan da yamma suka tarar Malam Idrisa ya farfaɗo. Ya rame, leɓɓansa sun bushe, amma idonsa tar. Suhaila ta jiƙa auduga tana goga masa a baki. Ya juyo da kai wajen Murja.

"Yaya Murja, ina Abu Walid?"

"Yana inda ya kai kansa."

"Haba dai. Ki ce masa na yafe. Na faɗa wa ɗan sandan da ya zo, ya rubuta. Ba da gangan ya yi ba."

"Kai ka yafe, Malam. Ni ban yafe ba."

Ya yi ɗan murmushi, ciwo ya katse shi. Sai da ya huta sannan ya ce, "To ki ce masa wannan aljihun dai ba zan ɗinka ba. Ya nemi wani telan."

Suhaila ta yi wata dariya da ta ƙare da kuka, ta kifa fuskarta a gefen gado. Ya ɗora hannu a kanta, idonsa na kan Murja.

"Ba ta da kowa a garin nan sai ku. Iƙamarta a kaina take. Ki riƙe ta."

Murja ta tashi. Ta fita ta tsaya a baranda tana cizon gefen mayafinta, don kada ma'aikatan jinya su ji abin da ke son fitowa daga bakinta. Mutum na kwance da rami a cikinsa, kuma shi ne ke neman alfarma a gidan da aka harbe shi.

Zazzaɓi ya rufe shi bayan haka, bai ƙara yin magana ba. Ya cika ranar wata Alhamis da safe, Suhaila na riƙe da hannunsa. Aka sallace shi a Masallacin Annabi bayan Azahar, maza suka ɗauke shi zuwa Baƙi'a. Teloli 'yan uwansa suka rufe shagunansu a Sultana suka zo. Mata suka cika gidan Suhaila, 'yan Sudan da 'yan Chadi da haifaffun nan, ana ta cewa ya yi dace, ya samu makwanci kusa da sahabbai. Murja na raba gahawa da dabino, tana jin yadda hira ke mutuwa duk inda ta matso. Suhaila na zaune a kusurwa cikin kayan takaba. Ta karɓi gaisuwar kowa. Da Murja ta durƙusa gabanta, sai ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma.

Ba a gama zaman makoki ba Abba, ƙanen Abdulmajid, ya zo. Ya zauna a ɗakin baƙi, daidai wurin da aka ɗauke kafet ɗin da ya ɓaci, yana juya makullin motarsa.

"Ummu Walid, ke ce kike da kusanci da ita. Marigayin ya yafe, amma a wurin alƙali sai magada sun janye haƙƙinsu, sun yi tanazul. Ki lallaba ta. Idan ta yarda, 'yan uwansa na Chadi ba za su ƙi ba."

"Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, Abba."

"Na sani, wallahi na sani. Amma Yaya ba yaro ba ne, ga ciwon suga. Kuma ita ma ai tana buƙatarmu, maganar takardunta. Kin gane dai."

"A'a, ban gane ba. Faɗa mini da Hausa."

Ya kawar da kai. Idonsa ya faɗa kan kabad ɗin gilashi, wanda babu komai a cikinsa sai shatin bindigogi a jikin koren yadi. Ya girgiza kai.

"Har ta Beljiyam ɗin suka ɗauka? Kai! Wannan yanzu ko da kuɗinka ba ka samun irinta."

Murja ta miƙe tsaye.

"Tashi ka fita."

"Ummu Walid..."

"An kashe mutum a inda ƙafarka take, kai ƙarfe kake wa ta'aziyya! Za ku ɗora mata takarda a wuya, ta yafe ko a sa ta a jirgi? Matar da ta goya Walid? Ka je ka gaya wa yayanka, ni zan bi mata takardunta ofis ofis, ko ta yafe ko kada ta yafe. Kuma ba zan buɗe baki in roƙe ta ba. In tana so ya fito, ya fito. In ba ta so, ya zauna ya yi ta ƙirga bango kamar yadda yake ƙirga bindigogi."

"Mijinki ne fa."

"Shi ya sa nake jin kamar in mutu. Kuma ka turo masu ɗaukar kaya su fitar mini da wannan akwatin, in ba haka ba ta taga zan jefo shi."

Abba ya fita bai yi sallama ba. Ta ji saukarsa a matakala, ta ji tashin motarsa. Ta rasa abin yi da hannuwanta, sai ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar bakin ƙofa da ƙarfi kamar mai dukan ƙasa.

Da ta janye ma'ajiyar takalma don ta share ƙarƙashi, sai ga wasu takalma da ba na gidanta ba. Na fata ne, baƙaƙe, dunduniyar hagu ta cinye ta gefe guda, irin cinyewar ƙafar da ta daɗe tana taka keken ɗinki. A nan ya tuɓe su ran nan. A kan gadon asibiti aka fita da shi, babu wanda ya tuna.

Ta daɗe a tsugune. Sannan ta goge musu ƙura da gefen zanenta, ta ɗauke su da hannu biyu, ta tsallaka ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta taɓa ƙwanƙwasawa ba, don a da turawa kawai take yi.

Suhaila ta buɗe. Masu gaisuwa sun watse, gidan shiru sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Ta kalli takalman, ba ta kalli Murja ba. Ta karɓa, ta sunkuya ta ajiye su a gefen nata, ta daidaita su, bakinsu na fuskantar cikin gida. Sai ta juya ta koma ciki, ta bar ƙofar a buɗe.

Murja ta tsaya a kan dokin ƙofa har aka fara kiran Magariba daga masallacin unguwa. Sannan ta tuɓe nata takalman ta ajiye can gefe, nesa kaɗan da nasa.