Littafi Mai Kauri a Gaban Gwaggo

Littattafai biyu ne a kan teburin falo: ɗaya siriri mai hoton jirgin ruwa, ɗaya mai kauri kamar bulo, da hoton wata Baturiya, kai ba ɗankwali, tana leƙen taga. Alhaji Muhammad Sani ya sa yatsa ya tura siririn gaban 'yarsa.

"Wannan za ki karanta. Na duba, maza ne zalla a cikinsa."

Afrah ba ta taɓa shi ba. Ranar da aka ba da dogon hutu, Malama Magdalena, malamarsu ta Turanci, 'yar Wusasa, ta ba kowa zaɓi tsakanin tsofaffin labaran Ingila guda biyu. Sai dai ta ce duk mai son ajin adabi idan an dawo, mai kaurin zai gama. Afrah ajin adabi take so. Babanta kuwa kimiyya ya zaɓa mata.

"Baba, ni wancan nake so."

"A wannan shekarar? An ƙaddamar da Shari'a, ina cikin kwamitin masallacin unguwa, sannan a ji 'yata ta duƙufa a kan soyayyar Turawa?"

Daga kan darduma Gwaggo ta yi gyaran murya. Yayarsa ce, ita ta goye shi. Ta daɗe tana koyar da matan aure fiƙihu a Hotoro, kafin idonta ya yi rauni ta dawo gidansa a Nassarawa.

"Sani, ka karanta shi?"

"Ban karanta ba, Yaya, amma ai ga bangon."

"Mu a gidanmu ba a yanke wa littafi hukunci sai an ɗauke shi a gaban malami. Ta kawo mini, ta karanta Turancin, ta fassara, yadda ake yi a zaure. In na ji ɓarna, ni da hannuna zan miƙa maka shi, ta tafi kimiyyarka."

Haka aka fara. Kullum bayan karin kumallo su zauna a baranda, ruwan damina yana dukan ganyen darbejiya. Afrah ta karanta jimla ta juya ta Hausa, Gwaggo ta ce "na'am" tana jan carbi. Labarin wata marainiya ce da ta je aiki gidan masu hali.

"Wai mutanen nan ba su da sana'a ne?" in ji Gwaggo wata rana. "Daga shan shayi sai ziyara. Ita kuwa uwar gidan, bakinta ya fi na dillaliya."

Da rana, in kowa ya kwanta, Afrah takan ɗauki ƙamus ta shiga gaba, don kada ta yi in-ina da safe. A nan ta ci karo da shafin da ya tsinka mata zuciya. Ta karanta shi, ta sake karantawa, ta rufe littafin ta daɗe tana kallon Baturiyar bangon.

Washegari da suka iso wurin, ta zuba Turancin da sauri, ta sauke numfashi, ta ce, "Sai maigidan ya gaishe ta a lambu, ta amsa, ya wuce."

Carbin Gwaggo ya tsaya.

"'Yar nan, Turanci ne ba na ji, amma ina jin tsawo. Kin yi ta kwarara kamar ruwan Agusta, sannan ki ɗebo mini a cokali? Ko a Kano gaisuwa ba ta kai haka ba." Ta juyo da fuskarta. "Ɗalibar da ta tsallake layi, ba na sake ba ta karatu."

Afrah ta dubi littafin. In ta faɗi gaskiya, littafin zai iya tafiya. In ta nace a kan ƙaryar, ya tafi a yanzu. Ta gyara zama, ta mayar da yatsa kan farkon shafin.

"Ya riƙe hannunta. Ya sumbace shi. Ya ce ta gudu da shi, alhali yana da mata."

"Na'am. Ita kuma?"

"Ta fizge hannunta ta bar wurin." Afrah ta kai yatsa ƙasan shafin. Saura layi ɗaya, kuma babu mai ganin shi sai ita. "Amma littafin ya ce a ranta tana son sa. Kuka take yi tana tafiya."

Ruwan indararo ya fara tsagaitawa, Gwaggo ta ajiye carbinta.

"Rufe. In babanki ya dawo, ina neman sa."

Bayan la'asar Alhaji ya shigo baranda, bai ko cire hula ba. Afrah tana tsaye jikin ginshiƙi, littafin yana kan cinyar Gwaggo.

"Yaya, an ce kina nemana."

"Ka yi gaskiya, Sani. Littafin nan ba na yarinya ba ne ita kaɗai a ɗaki."

Ya gyaɗa kai ya miƙa hannu. Gwaggo ta ɗora tafinta a kan bangon, ta danne.

"Shi ya sa a gabana za ta sauke shi, har shafin ƙarshe. Ita dai ba ta ci amanar karatu ba. Kai kuma ka ɗauki naka mai jirgin, ka zo ka biya mini bayan mun gama, mu ji me mazan nan zalla suke aikatawa a tsakiyar ruwa."

Alhaji ya janye hannunsa. Ya sosa ƙeya ya shige ciki.

Gwaggo ta lalubo hannun Afrah ta sa mata littafin.

"Zauna. Marainiyar nan ta fita ba ko mayafi, ga hadari. Ina ta nufa?"