Furen Kabarin Osman

Kowa a garin Ipoh ya riga ya yanke hukunci a kan aikin Kamalam, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ta. Wanta Muniandy, wanda ba ya fashin zuwa wurin bauta, cewa yake yi zaman nutsuwar da take koyarwa a saman shagon tayoyi addinin Hindu ne aka wanke shi tas, aka cire masa yaji don Turawa su iya haɗiyewa. Malayawa Musulmi da ke benensu kuwa ƙungiyar asiri suke ce masa, tunda ana raɗa wa mutum wata kalma a kunne a hana shi faɗa. Shi kuma Mista Loga, shugaban cibiyar da take koyarwa, mai murmushi kamar ɗan tallan man goge baki, magana ɗaya ya haddace wa malamansa: ba addini ba ne, hutun ƙwaƙwalwa ne, likitoci ma sun gwada.

Kamalam ba ta yi aure ba. Jinyar uwarta ce ta cinye mata ƙuruciya, da tsohuwar ta mutu kuma sai ta waiga ta ga kowa ya kama gabansa. Mutum ɗaya ya rage mata a kusa, Rokiah, maƙwabciyarta da bango ɗaya ya raba su. Kullum da la'asar sukan fito da kujeru baranda su sha shayi mai madara, Rokiah na kiran ta akuya don ba ta cin nama, ita kuma tana kiran Rokiah gidan rediyo.

Tun da mijin Rokiah, Osman, ya rasu, rediyon ya yi sanyi. Barci ya ƙaurace mata, ta rame, ta fara manta tukunya a kan wuta.

"Zul ya yi waya," in ji Rokiah wata la'asar. Zul shi ne ɗanta da ke Kuala Lumpur. "Wai in ban dawo daidai ba zuwa bayan Sallah, zai zo ya kwashe ni. Kamar wata tsohuwar katifa."

Kofin Kamalam ya tsaya a hanya, bai kai baki ba.

"Ƙwayar likita kuma kaina take mayarwa dutse. Ke akuya, ki koya mini zaman nan naki mana. Ina jin minsharinki ta bango, har haushi kike ba ni."

"Ba na minshari, Yaya."

"To fankarki ce ke yi. Amma tsaya. Zul ya ce ƙungiyar asiri ce. Ki gaya mini tsakaninki da abin da kike bauta wa: addini ne?"

Kamalam ta kalli ƙofar gidan Rokiah, ta hango ta a zuci an garƙame ta da kwaɗo, tsoro ya kama ta. Sai kawai ta ji muryar Mista Loga na fita ta bakinta: hutun ƙwaƙwalwa ne, likitoci sun gwada, akwai Musulmi da Kirista a cikin ɗalibai. Duk gaskiya ne, ba ta ƙara ko ɗigo ba. Ta gaya mata abin da sabon ɗalibi ke kawowa ranar farko: 'ya'yan itace, sabon farin hankici, da fure ɗanye.

"Na mene ne?"

"Godiya ce ga malaman da suka wuce. Al'ada ce kawai."

"Malaman naku na da kwaɗayi," in ji Rokiah, har ta yi 'yar dariya.

Ranar Juma'a da hantsi Rokiah ta hau matakalar cibiyar tana nishi tana zagin gwiwarta. Ta cire takalmi a ƙofar ƙaramin ɗakin. A ciki akwai tebur mai farin mayafi, da farantin tagulla, da hoton wani tsohon malami zaune a kan karaga cikin tufa ruwan lemo. Ta ajiye ayaba da hankici, sannan ta kwance wani ƙullin jarida.

Ƙamshin ne ya fara isa wurin Kamalam. Ba irin furen da ɗalibai ke saya a bakin kasuwa ba ne da karansa. Wannan an tsinke shi filla-filla, wardi da yasmin, an gauraya da ganyen pandan mai ƙamshi yankakke siriri. Ba wanda ya girma a garin nan da zai kasa gane inda ake kai irinsa.

"Yaya, wannan ai na maƙabarta ne."

"Na Osman ne. Duk Juma'a nake kai masa. Mai furen kasuwa bai fito ba, ni kuma ba zan iya zagaye gari ba. Na ce yau dai ya yi haƙuri ya ba malaminku aro, ai shi ba mai rowa ba ne." Ta gyara ɗankwalinta. "A ina zan tsaya?"

Kamalam ta nuna mata gefenta. Ta kunna turaren tsinke, ta kunna kafur, ta ɗebi furen Osman a tafin hannu, ta fara rera waƙar da ake yi kafin a ba ɗalibi kalmarsa. Sunayen malamai ne, wannan ya karɓa daga wancan, har a kai ga na farko, wanda ba mutum ba ne. Ta rera ta ga ɗalibai ba adadi, kuma ba a taɓa fassara musu ba, su ma ba sa tambaya. A ƙarshe malami kan zuba furen gaban hoton, ya durƙusa, ya yi wa ɗalibi nuni da hannu shi ma ya durƙusa.

Ta saci kallon Rokiah. Matar na tsaye, hannu a harɗe, tana jira cikin yarda, tana ɗan taɓa gwiwarta tana shirin lanƙwasa ta in an ce ta yi. Kamalam ta katse waƙar a tsakiya. Kafur na ci gaba da ci.

"Kin manta ne?" in ji Rokiah. "Tsufa ya zo."

"Yaya, zaman kansa zama ne kawai, ba a ce ki bar sallarki ba. Amma wannan da nake yi yanzu, ni dai addu'a nake yi. Mista Loga zai ce godiya ce. Wataƙila a wurinsa haka ne. Ni in na rera, roƙo nake yi, kamar yadda uwata ta koya mini. Furen nan kuma hadaya ce zan miƙa."

"Kalmar fa?"

"An ce mana sauti ne, ba shi da ma'ana. A wurin bautarmu ma ana jin irinsa."

"Ba a koyarwa ba tare da wannan ba?"

"Na yi alkawari ba zan bayar ba sai da shi."

Rokiah ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta miƙa jaridar, Kamalam ta juye mata furen da ke hannunta.

"Na tambaye ki a baranda," in ji Rokiah a hankali. "Ido da ido na tambaye ki."

"Ba na so ki tafi ne."

Rokiah ta ƙulle jaridar, ta sa takalmi, ta sauka tana dafa bango. Ayabar da hankicin ta bar su a kan tebur.

Kwanaki ba a fito da kujeru ba. Daga baya aka fito da su, aka sha shayi, aka yi hirar tsadar kifi, amma ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Azumi ya zo ya wuce, idanun Rokiah suka ƙara faɗawa. Wata rana ta bar mai a kan wuta har labulen kicin ya kama, maƙwabta suka kashe da bokiti. Ba a yi mako ba motar Zul ta tsaya a ƙasa.

Ya gai da Kamalam da ladabi, amma bai yarda sun haɗa ido ba. Yana ta hawa da sauka da kaya, su biyun suna tsaye a baranda.

"Da kin ja bakinki kin yi shiru," in ji Rokiah, "da wataƙila yanzu ina ta sharar barci a ɗakin nan."

"Wataƙila."

"Sakarya kawai." Ta kamo hannun Kamalam ta matse, hawaye na zubo mata. "A can wa zan riƙa tambaya ya gaya mini gaskiya?"

Zul ya danna oda. Kamalam ta riƙe ta suka sauka a hankali saboda gwiwar, ta sa ta a mota, ta rufe mata ƙofa. Ta tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana, sannan ta hau benen ita kaɗai.