Takarda ta Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Sakatariya na cikin buga hatimi a kan takarda ta ɗari biyu da sha uku, agogon bango ya nuna tara da rabi. Ƙarfe goma kwamitin kula da bincike zai zauna, kuma aikinta ne ta tabbatar duk wanda aka ɗauki hoton idonsa ya yarda, ya sa hannu. In takardun sun cika, yau za a tura hotunan ga kamfanin da ke koya wa sabuwar na'ura gane ciwon suga ta ƙwayar ido. In kuwa aka tura, babu mai dawo da su.

Ta jawo ta gaba, hannunta ya tsaya cak. Sunan mahaifiyarta ne, da shekarunta. A ƙasa kuma dangwalen babban yatsa da shuɗiyar tawada.

Inna da dangwale! Matar da ta shiga ajin manya tana da jikoki huɗu, ta fito ta addabi gida da rubuta sunanta a jikin bokiti da kwanuka, har bayan rediyo bai tsira ba. Wani ma'aikaci ya taɓa miƙo mata tawada ta dangwala, sai da ya gwammace bai zo aiki ba ranar.

Ta danna waya ta kira ta.

"Inna, kwanaki an ɗauki hoton idonki?"

"An ɗauka mana. Suka ce gwaji ne kyauta. Lafiya?"

"Sun karanta miki takarda? Kin sa hannu?"

"Wace takarda? Da sun ba ni ai da kin ga aiki. Ke, kin ci abincin da na zuba miki kuwa?"

Ta ajiye wayar ta koma kan waɗanda ta riga ta buga. Kowane dangwale da tabo iri ɗaya a tsakiya. Yatsan mutum ɗaya ne. Kunya ta rufe ta, don tun safe lamba kawai take ƙirgawa.

Farfesa mai binciken ya turo ƙofa yana murmushi. Shi ya samo mata wannan aikin.

"'Yata, an gama?"

Ta nuna masa tabon. Ya duba, ya mayar da ƙofa ya rufe a hankali.

"Ma'aikata ne suka sauƙaƙa wa kansu. Mutanen nan ba karatu suka yi ba, ko an karanta musu ba ganewa za su yi ba. Na'urar nan idon dubban mutane za ta ceta. Saboda tawada za ki tsayar da ita shekara guda?"

Abin haushin, maganar na'urar gaskiya ce.

Ya kama ƙofa, ya waigo. "Kar ki manta, hatiminki ne a kan ɗari biyu da sha uku. In magana ta tashi, da ke za a fara."

Ƙarfe goma ta shiga ɗakin taro, takardu a hannu, jaka a kafaɗa. Shugabar kwamiti, tsohuwar likita marar yawan magana, ta dube ta ta saman tabarau.

"Sakatariya, takardu sun cika?"

Farfesa ya gyara zama. Sakatariya ta ajiye takarda ta ɗari biyu da sha huɗu a gaban shugaba. Sannan ta buɗe jaka, ta cire murfin kwanon abincinta, ta ɗora kusa da ita. A kansa an rubuta sunan nan da jan fenti, baƙaƙe manya-manya, a ɗan karkace.

"Ranki ya daɗe, mai wannan sunan ta iya rubuta shi. Uwata ce."

Shugaba ta dubi murfin, ta dubi dangwalen.

"Sauran fa?"

Sakatariya ta tura mata su duka, hatiminta a sama.