Ammar a Madafar Inna Yelwa

"Ƙyale shi ya zubar," in ji Inna Yelwa. "Wake na, ba ƙwai ba. Tsincewa za mu yi."

Na riga na ɗaga hannu zan kai wa Ammar duka, sai na sauke. Ɗana ya kifar da ƙwaryar waken da muke gyarawa a tsakar gidanta, ya tsaya yana kallona. Inna ta jawo 'yar kujerarta, ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya ta jefa a ƙwarya.

"Maigida, taya ni," ta ce masa. Haka take kiransa, irin wasan kaka da jika.

Ya durƙusa ya fara tsinta, rabi wake rabi tsakuwa. Inna tana karɓa tana godiya, in ya juya ta zare tsakuwar ta wurgar. Da faten waken ya nuna, da alayyahu da albasa da ɗan manja, ta zuba a akushi ta ajiye, ba ta ce masa ya ci ba. Ita da ni muka sa hannu. Ya zagaya mu, ya dawo, ya leƙa akushin.

"Nawa," ya ce.

"Naka na mana. Wa ya tsinci waken?"

Ranar ya ci loma huɗu ko biyar. Na juya baya na goge idona da gefen mayafi.

Lokacin yana da shekara biyu da 'yan watanni. Daga Sakkwato muka zo Illela, saboda an turo mijina Zulkiflu aiki a ƙaramar hukuma, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidan da muke haya da na Inna. Tun da na yaye Ammar ya ƙi abinci. In ba biskit ko taliyar leda ba, sai ya danne baki. Wuyansa ya sirance, gashinsa ya fara ja. A wurin awon yara aka ce mini nauyinsa ya tsaya. Na koma yi masa ɗura, ina matse shi tsakanin cinyoyina yana ihu, har wata safiya muryar Inna ta tsallako katanga.

"Latifa, mi kike yi wa yaron ga kullum da hantsi?"

"Ɗura ce, Inna. Ba ya cin komai."

"Kawo mani shi gobe. Ke ma ki taho."

Ita kaɗai take zaune. Mijinta ɗan lambu ne, ya daɗe da rasuwa, 'yarta guda da ta rage, Ramatu, tana aure a Ƙonni, tsallaken iyaka. A bayan ɗakinta akwai zogale biyu da 'yan kunyoyin yakuwa da alayyahu, tana ba su ruwan wanke-wanke. Tumatir da tattasai kuwa wani ƙanen mijinta ke sauke mata daga ƙauyen Lafani in zai wuce kasuwa a babur.

Daga nan girkin rana ya koma gidanta. Ina kawo gero ko shinkafa ko ɗan nama, ita tana kawo ganye da daddawa. Ammar yana da aikinsa. Shi ke zage zogale, ko da yake yawancin ganyen a kansa yake ƙarewa. Shi ke wanke tumatir a roba, ya wanke rigarsa tare. Ta samo masa guntun muciya da ƙaramin kasko, ta ja layi da gawayi nesa da murhu, ta ce nan ce iyakarsa. Da ya tsallake layin, sai ta ɗauke kaskon ba tare da faɗa ba. Bai daɗe ba ya gane.

Ni ba ni da haƙurinta. Girkin da zan gama kafin azahar sai ya kai mu la'asar.

"Inna, yana ɓata mana lokaci," na ce wata rana.

"Ina za ki? Sarki ke jiranki?" Ta miƙa masa yankan kabewa ɗanye ya gaigaya. "Yaro ba buhu ba na da za ki ɗura ki ɗinke baki. Bari ya taɓa, ya sansana. Kak ki tsare shi da ido."

Kafin damina ta faɗi kumatunsa sun fito. Yana cin dambun zogale, yana cin miyar taushe, yana shan kunun gyaɗa har ya lashe ludayi. Zulkiflu ma ya daina tsayawa wurin mai shayi, ya koma dawowa gida cin rana. Ya taɓa cewa a gaban Inna wai ya kamata a riƙa biyanta ladan koyarwa, ta ce ya fara biyan maigidanta, shi ne babban kuku.

Cikin daminar na lura ta daina ɗanɗana miya. Sai ta ɗebo a ludayi ta miƙo mini. In mun zauna ci, ta gutsiri tuwo ta yi ta juya shi a miya, ta tura wa Ammar. Zanenta ya fara zagaye ta fiye da da. Wata rana na shiga bayan ɗaki tsinko yakuwa, na tarar da ita dafe da zogale tana amai. Ɗan kunun da ta sha da safe ne ya dawo.

"Tun yaushe, Inna?"

"An jima ana yi." Ta kurkure baki. "Abinci ke tsaya mani nan." Ta nuna ƙirjinta. "Kak ki gaya wa Ramatu. Cikinta ya tsufa, kuma ta yi ɓari har biyu. In ta ji, babur za ta hau ta taho."

Na yi shiru, ta ɗauka na yarda. Na kwana biyu ina juya maganar. Na tambayi Zulkiflu, ya ce amana ce, amma uwa ta fi ƙarfin a ɓoye wa 'ya. Na kira mijin Ramatu, ba ita ba, na roƙe shi ya samo mota. Washegari da hantsi sai ga su.

Inna ta kalli 'yarta tana fitowa daga mota da ƙyar, sannan ta kalle ni. Da na shigo da Ammar ta karɓe shi ta ɗora a cinya, ni kuwa ko gaisuwata ba ta amsa ba.

Aka kai ta asibiti a Sakkwato. Da suka dawo, Ramatu ta ja ni zaure ta gaya mini. Ƙari ne a hanyar abinci, kuma ya yi nisa. Sun ba da maganin rage ciwo, sun ce a ba ta duk abin da za ta iya haɗiya. Inna ce ta ce a maido ta ɗakinta.

Na yi kwanaki ina aika abinci ba na shiga. Ammar ne bai san da wani fushi ba. Kullum da hantsi sai ya ɗauki muciyarsa ya tsaya a bakin ƙofarmu yana cewa, "Inna. Miya." Ran nan sai muryarta ta tsallako katanga, ta yi siriri har sai da na kasa kunne.

"Latifa. Kin hana mani mijina?"

Na same ta a tabarma ƙarƙashin rumfa, an tokare ta da matashi.

"Inna, ki yafe mini."

"Zamna. Na ga ɗiyata, na taɓa cikinta, abin ya motsa a hannuna. Mi zan yahe?" Ta numfasa. "Amma bakinki bai da marfi."

Ramatu ta yi dariya, ni ma na yi.

Muka ci gaba da girki a gabanta. Ba ta iya tashi, amma idonta na kan tukunya. Ta ce mini in rage gishiri, in daina barin alayyahu yana dahuwa har ya yi baƙi. Ta ce wa Ramatu in ta haihu kada ta yi saurin saya wa yaro abincin gwangwani alhali ga gero ga gyaɗa ga waken suya. Ita kuwa abin da take iya sha bai wuce ruwan kunu ba, shi ma sau da yawa kau da kai take yi.

Ranar Laraba muka yi miyar kabewa. Na tace mata kaɗan a ƙoƙo, ta yi ruwa-ruwa. Ramatu ta kai mata cokali, ta girgiza kai. Na gwada, ta rufe ido. Ammar yana tsaye yana kallonmu, hannunsa duk kabewa. Sai ya karɓi cokalin daga hannuna, ya tsoma, rabi ya zube a tabarma, ya kai sauran bakinta.

"Inna, ha."

Ta buɗe ido ta dube shi.

"Kai ka dahwa?"

Ya gyaɗa kai.

Ta buɗe baki. Ta daɗe kafin ta haɗiye, na ga yadda wuyanta ya yi aiki. Ya ƙara tsomawa, ta ƙara karɓa. A na uku ta riƙe hannunsa ta ce, "Na ƙoshi, maigida. Ci saura." Ya zauna a gefenta ya shanye ƙoƙon, ita tana kallonsa.

Washegari bayan azahar ta cika. Ina wanke tukwane a gidana na ji Ramatu tana salati, ba da ƙarfi ba. Na tsame hannuna na shiga. Inna tana kwance ta gefen dama, fuskarta a sake. Kafin la'asar maƙwabta sun cika zaure, mutanen Lafani sun iso a babura, aka yi mata sutura aka kai ta.

Ammar ya neme ta a ɗaki, ya neme ta a bayan ɗaki. Na ce masa Inna ta tafi wurin Allah. Ya ce, "Za ta dawo?" Na ce a'a. Sai ya ce yana jin yunwa. Na ɗauke shi muka koma gida, na ba shi tumatir ya wanke.

Bayan addu'ar bakwai Ramatu ta shirya komawa Ƙonni. Na je taya ta haɗa kaya. Mun naɗe tabarmi, mun kife tukwane, mun rufe ɗaki. Da muka zo share madafa, sai muka tarar da wata kaza ta maƙwabta ta shige tsakanin duwatsun murhu, ta baje a cikin toka mai sanyi, ta lumshe ido. Ramatu ta ɗaga tsintsiya, sai ta fasa. Direba yana ta hon a waje. Ammar ya tsuguna a gaban kazar, hannuwansa a kan gwiwa, mu kuma muka tsaya a bayansa.